Kwalbar da Na Miƙa wa Ladanmu

Na daɗe a sashen talla da rarraba kaya na wani kamfanin lemon kwalba a Challawa. Na ga hatsarin mota, na ga yajin aiki, na ga ranar da aka sallami mutane suna tsaye a bakin get sun rasa inda za su nufa. Amma ranar da har yau ta ƙi barin raina ita ce wata Asabar da muka kafa rumfa a filin ƙwallon wata kwaleji. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, gara ku ji ta daga bakina.

A farkon shekarun dubu biyu ne, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Kano ba, giya ta ɓace daga idon jama'a ta koma lungu. Lokacin ina sufabaiza, wato ni ke kula da motocin kaya da masu sayarwa tun daga Kumbotso har Sharada. Sama da ni akwai manajan talla, Alhaji Bello, shi nake kai wa rahoto duk Litinin.

A shekarar kamfani ya ɗauki nauyin ƙungiyar ƙwallon kwalejin. Aka ɗinka musu riguna da sunanmu a ƙirji, mu kuma aka ba mu izinin kafa rumfa duk ranar wasa, ba mai sayar da abin sha a filin sai mu. Da hantsi mota ke kai kiret-kiret na lemo, da kulolin sanyaya shi, da ƙanƙara, da manyan laimomi na inuwa. Masu sayarwar ba cikakkun ma'aikata ba ne, kashuwal muke ce musu, ba su da albashi sai kamasho a kan abin da suka sayar. Nawa aikin shi ne in ga kaya sun isa, kwalabe kuma sun dawo.

Cikinsu akwai Ɗan'azumi, magidanci mai fara'a da ya daɗe yana bin motocinmu. Shi ke riƙe da kular da ke kusa da bayan raga, kuma kullum ya fi kowa ciniki. Na sha yaba masa a gaban sauran, har nakan ce su yi koyi da shi.

Ƙungiyar kuwa ba ta taɓuka komai a kakar ba. A gida a ci su, a waje a ci su. In kana son jin ra'ayin 'yan kallo, ka tsaya a rumfarmu lokacin hutun rabin lokaci. Wannan ya ce koci ne bai iya zaɓen 'yan wasa ba, abokansa kawai yake sakawa. Wancan ya ce 'yan gaba ne ba su da ƙafa. Akwai wani dattijo mai yanke ciyawar filin da yakan ce, “Ku bar gola ya huta. 'Yan baya ne suke buɗe masa ƙofa su tafi yawo.” Ba mai sauraronsa. Mafi yawan ɗaliban golan suke ɗora wa laifi, har suka raɗa masa suna Rariya.

Golan nan Nasiru ne, ɗan maƙwabcina a Zawaciki. Mahaifinsa, Malam Haladu, manomi ne ɗan asalin Challawa, kuma shi ne ladan masallacin layinmu tun kafin in tare a unguwar. Bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba, bai kuma so ɗansa ya shige ta ba, ya dai ƙyale shi ne don yana karatu. Wata rana Nasiru ya same ni a ƙofar gida ya ce, “Baba Sabo, da za ku lallashi Malam ya zo ya gan ni ko sau ɗaya. Ku yana jin maganarku.”

Na yi ta bin dattijon har ya yarda. Ya ce, “Tunda kai ne za ka kai ni, to. Amma ka dawo da ni kafin magariba.”

Ranar na ɗauko shi a gaban motar kamfani. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, da ɗan mayafi a kafaɗa. Na zaunar da shi a kujerar roba ƙarƙashin laimarmu, inda zai riƙa hango ragar ɗansa. Rana ta take sosai, na ga yana share gumi. Na nufi kular Ɗan'azumi don ita ce mafi kusa. Shi ya shiga cikin 'yan kallo da kwalabe a hannu, babu kowa a wurin. Na taɓa na sama na ji sun fara yin ɗumi, sai na zura hannu can ƙasa cikin ƙanƙara na zaro baƙin lemo mai sanyi ƙarara. Da na buɗe, murfin ya fita salin-alin, bai yi ƙarar iskar nan ba. Na ce a raina sanyi ne ya kwantar da shi.

Na miƙa wa Malam da hannu biyu. Ya yi bismilla, ya kafa kai ya sha sosai, irin shan mai ƙishi. Sai ya tsaya. Ya dubi kwalbar, ya ajiye ta a gindin kujera, ya tashi ya koma gefe ya tofar da yawu. Da ya dawo ya ce, “Sabo, lemon nan naku ya lalace ne? Ya ƙone mini maƙogwaro.”

Na ɗauka na sunsuna. Wanda ya yi aiki da direbobin manyan motoci ya san warin ogogoro. Malam ya ci gaba da kallon fuskata har ya gane da kansa. Ya ce a hankali, “Giya ce?” Na ce, “Malam, ban sani ba, wallahi ban sani ba.” Ya ce, “Samo mini ruwa.” Na kawo masa, ya yi ta kurkure baki yana zubarwa har ruwan ya ƙare.

Na samo Ɗan'azumi na ja shi bayan mota. Bai yi musu ba. Ashe tun wasan farko yake yi. A gida yake buɗe kwalba, ya rage lemon, ya cika da ogogoro, ya mayar da murfin ya danne. Waɗannan yakan jera su a ƙasan kula, masu sha kuma sun san kalmar, sai su ce a ba su “na ƙasa.”

Na ce, “A cikin kwalbar kamfani? A makaranta?”

Ya ce, “Oga, ƙungiyar da kullum ake ci, da me kuke so yaran nan su kalli wasa? Su suka nema. Kuma ai ku da kanku kuka ce na fi kowa ciniki.”

Yana rufe baki fili ya kaure da ihu. An jefa wa Nasiru ƙwallo ta biyu. Na dawo da gudu na tarar gungun da ke bayan raga, masu sayen na ƙasa, sun miƙe suna rera “Rariya, Rariya.” Daga nan suka koma zagi, suna ambaton uwarsa da ubansa, uban kuwa yana zaune yana ji. Sai aka fara jifa. Kwalabenmu ne ke tashi sama, da sunan kamfani a jikinsu. Ɗaya ta sami Nasiru a saman gira, ya durƙusa ya dafe fuska, jini na bin yatsunsa yana sauka a rigar da muka ɗinka masa.

Alƙalin wasa ya busa ya tsayar da wasan. Masu gadin kwalejin suka shiga kora, ɗalibai na ta watsewa. A cikin wannan hargitsin na ga Malam Haladu ya ratsa fili a tafiyarsa ta kullum, ba sauri, ya isa wurin ɗansa, ya cire mayafin kafaɗarsa ya danne masa ciwon. Na bi su har ɗakin shan magani na makarantar, aka yi wa yaron ɗinki. Da suka fito na ce, “Malam, ga mota can.” Ya ce, “Bar shi, Sabo, je ka ji da kayanku.” Ya tsayar da acaɓa biyu, suka tafi.

Da magariba ina alwala a gida na ji an kira salla, amma ba muryarsa ba ce.

Ranar Litinin na shiga ofishin Alhaji Bello na faɗa masa komai. Ƙa'ida ita ce in rubuta rahoto, a ba ni takardar tuhuma in amsa, tunda rumfar a ƙarƙashina take. An yi duk wannan. Aka kori Ɗan'azumi aka hana shi kusantar motocinmu, kwalejin ta dakatar da rumfar har ƙarshen kaka, ni kuma aka ba ni gargaɗi a rubuce. Amma abin da ya fi damun manaja daban ne. Ya ce, “Maganar tsohon nan, wa ya sani ban da kai?”

Na ce, “Ba kowa, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “To ta tsaya nan. In ta fita cewa ladan ya sha giya a kwalbarmu, ba mu ba sayar da lemo a Kumbotso. Ɗauki kiret biyu a sito ka kai masa, ka ce kamfani na ba da haƙuri.”

Na ce, “Lemo zan kai masa, ranka ya daɗe?”

Ya ce, “Me muke da shi in ba lemo ba?”

Na ɗauka don umarni ne, amma sai da kiret ɗin suka kwana biyu a bayan mota. A kwanakin nan wani matashi ne ke kiran salla. Malam yakan zo ya bi jam'i a sahun baya ya fita da wuri. Mutanen layi suna ta tambaya ko ba shi da lafiya, wasu suka ce ciwon ɗansa ne ya taɓa shi. A zatona ni kaɗai na san dalili, kuma a tsakiyarsu nake tsayawa in yi salla.

Da na kasa jurewa na je na yi sallama. Ya fito zaure ya shimfiɗa mini tabarma. Na ajiye kiret ɗin a bakin ƙofa, na isar da saƙon manaja kaina a ƙasa. Ya dube su ya ce, “Ka mayar musu. Ka ce na gode.”

Na ce, “Malam, ku yafe mini. Ni na matsa muku kuka je, ni na miƙa muku.”

Ya ce, “Ba kai ka zuba ba, Sabo, ban riƙe ka da komai ba. Ni mutum ne da ko fura aka ba ni a gidan da ban sani ba sai na sunsuna. Wannan daga hannunka ta fito, shi ya sa na kafa kai.”

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, “To kiran sallar fa? Ai wanda bai sani ba babu laifi a kansa.”

Ya ce, “Liman ma ya tambaye ni, na gaya masa, haka ya ce. Na san hukuncin. Bakin ne nake ƙyanƙyami. In na buɗe shi zan ɗaga murya sai in ji warin ya taso mini.” Sannan ya ce, “Yaran nan da suka zage ni, su ma 'ya'yan wasu ne. Iyayensu na can suna zaton karatu suke yi.”

Sai da aka ɗauki lokaci kafin wata la'asar, ina dawowa daga Challawa, na jiyo muryarsa daga bakin titi. Na tsayar da mota a gefe har ya gama.

Nasiru ya warke ya koma raga, da tabo a gira. Kaka ta gaba aka sami sababbin 'yan baya, ƙungiyar ta fara ci, sai ga waɗanda suka jefe shi suna ɗaga shi a kafaɗa suna cewa ba gola kamarsa. Bakin ɗan kallo ke nan, inda ƙwallo ta faɗa nan yake bi. Ban ƙara ɗaukar yabonsu ko zaginsu da nauyi ba.

Abin da na koya game da aikinmu kuwa shi ne, mai sayen lemo ba ya ganin abin da ke cikin kwalba. Murfin yake gani, da hannun da ya miƙo masa. Daga ranar, duk rumfar da aka kafa da sunana sai na zazzage kula har ƙasa na duba murafe da kaina, kuma in mai sayarwa ya fi kowa ciniki a wurin da bai kamata ba, nakan tambayi dalili kafin in yaba. Wasu sun ce na cika zargi. Ban damu ba.

Malam Haladu bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu. Mun zauna tabarma ɗaya a sunaye da ɗaurin aure ba adadi, har da na 'yata. In an zo rabon lemo aka iso kansa, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.” Kuma duk lokacin da zai faɗa, sai ya kau da kai wani gefen, don kada idonsa ya haɗu da nawa.