Tuwon da Ban Ci a Ɗakin Malam Idi Ba

Ina tsaye a kantin maganin da nake aiki a unguwar Ƙiblatain ta Madina, abokin ɗakin Malam Idi ya kira ni ya ce Allah ya yi masa rasuwa bayan sallar asuba. Na yi salati, sannan na tambaye shi inda ya samu lambata. Ya ce a wayar marigayin, an rubuta "ɗan'uwana". Abin ya ɗaure mini kai, don ni a tawa "Idi mai shara" na sa.

Shekara shida yana share mana kanti. Mutumin Maraɗi ne, bai yi boko ba, Larabcinsa kuma na cefane ne. Wata rana na kawo tsofaffin littattafan zanen Japan na 'yata zan zubar, ya roƙa na bar masa. Hotunan kawai yake bi, daga dama zuwa hagu kamar allo, amma ya san halin mutanen ciki fiye da yadda na san maƙwabtana. Yakan ce, "Dakta, ka ga mai gilashin nan? Ba ya magana, amma ranar wahala shi ke fara zuwa. Mai ihun nan kuma yunwa ce kawai ke damunsa." Wanda ya fi so shi ne ɗan masu hali mai girman kai. "Ƙyale shi," in ji shi, "kafin littafi ya ƙare sai ya cire takalmi ya ci abinci a ɗakin talaka." Nakan yi dariya in ce zane ne fa, Malam Idi.

Sau uku ya gayyace ni cin tuwo a ɗakinsu. Sau uku na ce in sha Allahu, ban je ba. Har yau ban sani ba ko da ni yake idan yana nuna mini yaron nan.

Da muka dawo daga maƙabartar Baƙi'a na kira matarsa Hajara can gida Maraɗi in yi mata ta'aziyya. Ta ce, "Dakta, Allah ya saka da alheri. Kullum yana ce mana kada mu damu, ba shi kaɗai ba ne a Madina, duk Juma'a tare kuke cin abinci." Na ce mata haka ne.

Ban san ko ƙarya na yi mata ba, ko asirinsa na rufa. Allah ya jiƙan Malam Idi, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajara da 'ya'yansu huɗu haƙuri, ya tsaya musu. Ni kuma ya yafe mini abin da na faɗa mata, da duk Juma'ar da ban je ba.