Jaririn da Ba a Yanka wa Rago Ba

Yayata ta haihu a Waca, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Namiji ne, amma kansa ya yi girma ƙwarai, leɓensa na sama a tsage har hanci. Kafin in sauka daga taksin Magariya labari ya gama gari.

Mata suka yi ta tururuwa, wai barka. Barkar me! Kallo ya kawo su. Su ɗaga zane, su yi salati, su fita suna raɗe-raɗin ɗan ruwa ne. Mijinta ko huɗuba bai yi wa yaron a kunne ba. Surukinta kuwa ya kwance ragon da aka turke don suna ya mai da shi garke, ya ce ba ya yanka wa abin da bai tabbatar mutum ne ba.

Wani ɗan kawunmu mai koyar da Ingilishi a tsallaken iyaka ya zo shi ma. Muna zaune a zaure ya ce mini Turawa na kiran irin wannan "monsta", wato halitta mai muni da ta saɓa wa sauran halittu. Na ce mun ji kalma mai kama da ita a lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci. Ya ce tushenta harshen Rumawan da ne, kuma asalin ma'anarta gargaɗi: in an haifi irinsa, sai su ce allolinsu ne ke nuna musu masifa na tafe.

Wallahi raina ya ɓaci. Ashe ko can ma ba ta jaririn ake yi ba, kowa kansa yake ji wa tsoro. Gargaɗin me zai yi wa wani, yaron da ko nono bai iya kamawa?

Na roƙi mijinta, na haɗa shi da Allah, ko ba rago ya raɗa masa suna. Ya ce sai tsohonsa ya yarda. Ranar suna ta zo ta wuce, ba goro ba liman. Yayata ce kaɗai ke tatsa a cokali tana ɗura masa, sauran gida kuwa "abin nan" suke ce masa. Bai kai ƙarshen kaka ba ya koma.

Da na je gaisuwa yayata ba ta yi kuka ba. Ta riƙe bakin rigata ta ce, "Auta, an ce gobe kiyama yara kan tari iyayensu. To ni in na hango shi, da me zan kira shi?"