Surutun Baba Danladi Ya Fisshe Ni a Abuja

Litinin: Jalingo zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gidanmu a Sintali, kwamfuta a baya, mahaifiyata Dada ta rako ni har ƙofa tana cewa da Fulatanci, "Allah hokku sa'a," wato Allah Ya ba da sa'a. Wani babban kamfanin fasaha ne ya kira ni intabiyu, aikin rubuta manhaja. Shekara uku ina neman irin wannan dama, ina gyaran waya a Kasuwar Jalingo kafin Allah Ya kawo.

Shida da rabi motarmu ta tashi. Na samu kujerar gaba kusa da direba, Baba Danladi, kuma tun kafin mu kai garin Mutum Biyu na yi da-na-sani. Bawan Allahn nan ba ya taka birki sai ya faɗi dalili. "Ramin nan tana da zurfi, bari na bi hagu. A'a, tirela yana zuwa, mu jira shi." Mu kuwa a gidanmu an hore mu cewa mai aiki ba ya surutu, sai ya gama a gani. Na tambaye shi ko bakinsa ba ya gajiya. Ya ce fasinja in ya san tunanin direba, hankalinsa kwance yake.

Mun ci soyayyen kifi a Tella ƙarfe tara, muka wuce Wukari sha ɗaya saura. A wani shinge jami'i ya sa na buɗe kwamfutar, da ya ga takardar gayyata sai ya yi mini fatan alheri. Sakwara a Makurdi ƙarfe uku, Abuja bayan isha'i. Na sauka wajen ɗan kawuna a Nyanya.

Talata: hawa na biyar

Ƙarfe goma daidai, a hawa na biyar na ginin kamfanin, wata injiniya, Madam Ronke, ta miƙa mini alƙalami ta nuna farin allo. Tambayarta ita ce yadda zan tsara manhajar da za ta adana saƙonni in netwok ya ɗauke, ta tura su bi da bi in ya dawo. Daɗi ya kama ni, don mu da netwok kullum wasan ɓuya muke yi.

Na juya mata baya na duƙufa. Minti goma sha biyu ban ce uffan ba, ni a ganina ladabi nake yi. Sai na ji ta rufe littafinta.

"Sa'idu, ban san abin da ke ranka ba," in ji ta. "Abin da ban ji ba, ba zan iya ba shi maki ba."

Na hango kaina na koma teburin gyaran waya. Nan Baba Danladi ya faɗo mini a rai. Na ce, "Nan akwai rami, saƙo zai iya tafiya sau biyu. Bari in bi hagu, in ba kowanne lamba." Ta yi dariya ta tambayi wane rami, na ba ta labarin direban. Ta sake buɗe littafin. Can gaba ma ita ta nuna mini wani ramin da ban gani ba, muka kauce masa tare.

Laraba: komawa gida

Direban dawowa shiru-shiru ne, har na ji kewar surutu. Na saya wa Dada doya a Zaki Biam, muka shiga Jalingo ana kiran magariba. Ta tambayi yadda aka yi, na ce surutu na zuba musu. Ta riƙe baki ta ce, "A gaban manya?"

Kwana tara bayan nan saƙo ya zo, sun ɗauke ni. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Dada da ɗan kawuna. Washegari na kai wa Baba Danladi goro tasha. Ya karɓa ya ce duk ran da zan koma Abuja, kujerar gaba tawa ce, amma wannan karon ni zan yi maganar.