Akuyar da ta girma a cikin randa

A unguwar Nuzla aka haife ni, a gidan da ƙofarsa ba ta wuni a buɗe. Kakata Inna Kulu ta zo aikin hajji ta jirgin ruwa, ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, mu ma da aka haifa nan ba mu da ita. Iyakar duniyarmu saman soro. Can muke hawa bayan magariba, ta hura gawayin shayi, mu kewaye ta.

Kawu Sale, mai dako a tashar jiragen ruwa, shi ya kwaso mana wata kalmar Turanci a bakin sababbin zuwa: maneji. Shinkafar mutum uku mu tara mu ci, maneji. Takalmi ya tsinke a ɗaure da waya, maneji. Yaro na zazzaɓi, asibiti sai da takarda, a jiƙa tsumma a yi maneji. Ko gaishe shi aka yi, sai ya ce, "Ana maneji."

Inna ta tsani kalmar. "Sale, baƙuwar nan taka ta cinye mana baki. Da muna cewa yunwa, muna cewa ciwo."

"To Inna, me za mu yi?"

"Halas, ya isa. Zauna ka ji. Ga ta nan, ku matso."

Wai wata 'yar akuya ruwan sama ya koro, ta faɗa cikin randa. Mai randa ya rufe da faifai ya ce, "Yi maneji, gobe zan buɗe." Kullum ya zuba mata dusa, kullum gobe. Ta girma a ciki, ƙaho ya lanƙwashe, gwiwa ta lanƙwashe. Ran da randar ta fashe, ga fili har iyakar gani, amma akuya sai zagaye take yi, daidai faɗin randa.

Muka yi dariya. Inna ba ta yi ba.

A gidan nan ta rasu, ba ta sake ganin Katsina ba. Yau ni ce kaka. Ɗana ya sha zirga-zirga har ya samo mini takardar fita zuwa ƙasar da ban taɓa gani ba sai a bakin Inna. Kwanakin takardar ƙidayayyu ne.

Jikata Amal ta ce, "Sitti, kakata, yalla mu tafi, mota na jira."

Sai na ji bakina ya ce, "Ku bar ni, nan ma ana maneji."

Na dubi tsakar gidan da na ƙare rayuwata ina zagayawa.

Na ce, "Amal, ɗauko mini takalmina. Ki riƙe hannuna da kyau, kada ki bari in juya."