Matattun Baturan Illo

Illo mai facin jirgi ne a bakin ruwan Warra. Shekara ashirin da ɗoriya yana cusa tsumma a tsagar katako, ya dafa kwalta, ya buga kwano da ƙusa. Ba ya yawan magana, ba ya kuma zama. Tun da ruwan Kainji ya shanye ƙauyensu yana saurayi, aka kwaso su zuwa tudu, ƙafarsa ba ta sake samun natsuwa ba.

Abu ɗaya ke zaunar da shi, wani kaset. Wani Baturen Ingila da ya zo awon kifi ne ya bar masa, ranar da Illo ya toshe masa kwalekwale. Ba rubutu a jikinsa. Baturen dai ya ce kiɗan wasu samarin ƙasarsu ne da ko can ba a sa su a rediyo. Jita ce mai kuka kamar ana jan ƙarfe a kan dutse, da goge irin nasu, da ganga mai nauyi, sai muryar mace ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya. Illo ba ya jin Turanci. Abin da yake ji shi ne innarsa da matan tsohon gari, yadda suka yi waƙa ranar da aka tashe su.

Bai taɓa sayen sabon batir ba. Waɗanda masunta suka yar yake tsinta, ya shanya a rana, ya ɗan daddaka gefensu, ya zuba a rikoda. Shekara biyar haka.

Shekara biyu da yin jihar Kebbi, kaset ya soma mutuwa. Sau uku rikoda ta tauna zaren, yana liƙewa da jan farcen matarsa Hansatu. Kowane faci sai ya ci wani yanki na muryar.

"Wanga kukan aljannu dai ya kusa ƙarewa, in huta," in ji Hansatu.

Illo ya bar jirgin mutane a kife, kwalta a kan wuta, ya hau mota zuwa Yelwa wurin Philip mai kwafar kaset a kasuwa.

Philip ya sa kaset ɗin a babbar rikodarsa mai aiki da janareta. Kiɗan ya fito da gudu. Gangar na tsalle, muryar ta sirance, ta zama ta wata baƙuwar yarinya.

"Tsaya! Wanga ba nawa ba ne."

"Baba, naka ne mana. Ga jan facinka nan. Haka masu shi sunka yi shi. Matattun baturanka ke jan shi kamar tsohon jaki."

Illo ya fita. Ya kewaya rumfunan masu kifi, ya dawo, ya sake fita, ya sake dawowa yana gumi.

"Zaren ga ya yi laushi, Baba," in ji Philip. "In ya juya sau ɗaya an gode Allah. In kwafa yadda Turawan sunka yi, ko mi?"

Illo ya kwance buhunsa, ya ciro tsohuwar rikodarsa da matattun batura huɗu. Ya dasa ta a gaban ta Philip.

"Ɗauka daga nan."

"Hayaniyar kasuwa za ta shiga fa."

"Ta shiga."

Muryar ta taso a hankali, mai nauyi, yadda ya san ta. Illo ya zauna a kan benci. Ana saura kaɗan waƙar ƙarshe ta ƙare, zaren ya tsinke, tsinkewar da ba faci.

Sabon kaset na nan har yau. A tsakiyarsa ana jin wata mai kifi tana zagin ɗan kabu-kabu. Philip ya gargaɗi Illo cewa in ya sa masa matattun batura, nauyin zai ninka, ba zai gane kowa a ciki ba. Don haka kafin ya hau mota ya sayi sababbi, karo na farko.

Da ya koma Warra, ya tarar kwalta ta ƙone ƙurmus. Ya ɗora wata, ya gama jirgin kafin la'asar sakaliya.