Randar Ƙasa ta Hongyao

Zelihai ce ke wanke matan garin Hongyao idan sun rasu. Uwar mijinta ta koya mata aikin tun tana sanya baƙin mayafi na matan aure, ga shi yanzu ta daɗe da komawa farin na tsofaffi. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk sanyi ya tsattsaga su. Ba ta magana sai an taɓo ta. In kuwa aka taɓo ta, ko liman yakan sake hanya.

Garin yana can saman tsaunuka, jar ƙasa ta ko'ina, ruwan sama sai ya ga dama. In ka haƙa rijiya ruwan ɗaci za ka samu, wanda jaki ma sai ya shinshina ya kau da kai. Shi ya sa a da kowane gida yake da randar ƙasa: rami mai ƙaramin baki da ƙaton ciki, a daɓe shi da jan yumɓu, a tara masa ruwan sama da dusar ƙanƙara. Babbar cikinsu tana cikin tsohuwar ganuwa, a zangon da ayarin raƙuman gishiri da ganyen shayi ke sauka. Girgizar ƙasa ta zamanin kakanni ta tsaga ta, ta daɗe a mace, har mahaifin Zelihai, Hai Yunusi, Allah ya jiƙansa, ya ce shi zai tashe ta.

Zelihai da ƙanenta Dawude su suka tattaka yumɓun da ƙafafunsu suna yara, har farcensu ya rine. Uban yana ciki da madaɓi, kullum sai ya bi bangon kaf yana bugu, har ya yi sheƙi kamar bayan cokali. Ranar da aka fara zuba mata ƙanƙara ya kama kunnen kowannensu ya ce, “Ko za ku mutu da ƙishi, kada ku kwashe ta ƙarƙaf. Yumɓun nan in ya bushe zai tsage, in ya tsage shi ke nan.”

Da famfo ya zo gari, randunan gidaje suka zama wurin zuba toka. Babbar ce kawai ta rage, ita ma don abu ɗaya: da ruwanta ake wanke gawa. Ba wanda ya kafa wannan doka. Tsofaffi ne dai in ciwo ya yi nisa sai su kama hannun Zelihai su ce, “Da ruwan randa, kin ji.” Ita kuwa duk hunturu tana tura baro cike da ƙanƙara tana juyewa a ciki, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya hana ta.

Sai aka zuba kwalta. Manyan motoci suka fara hawowa da 'yan yawon buɗe ido, masu kallon ganuwa da jajayen duwatsu da kogunan da mutanen da suka zauna a ciki. Dawude ya buɗe masauki, ya sayi hula mai faɗi da ƙaramar lasifika, aka kuma ɗora shi kan kwamitin gari. Zelihai ba ta ga laifin haka ba. Matarsa ma takan aiko mata da taliya da romon rago ranar Juma'a, ta ci ta sa albarka.

Wata safiya da bazara ta zo da bokitai biyu a sandar kafaɗa, sai ta tarar da baƙin tiyo kamar maciji ya zura kai a bakin randar. Inji na ruri, ruwa na malala a gangare, ƙasa tana shanyewa. Leburorin baƙi ne daga ƙasan dutse, ba wanda ta sani. Ta ajiye bokitan, ta kama tiyon da hannu biyu ta fara ja.

“Kai! Iya! Sakar mana kaya!”

“Iyarka tana gidanku. Wa ya aiko ku?”

Sai ga Dawude nan tafe yana haki, tumbi na gaba.

“Yaya, don Allah. Yaya, mutane na kallo.”

“Su kalla, ai kallo ya kawo su. Dawude, mene ne wannan?”

“Gyara ne. Za a sa tsani na ƙarfe da fitilu, baƙi su sauka su ga aikin Baba da idonsu. Ba abin alfahari ba ne?”

“Su sauka ina? Cikin ruwa?”

Ya kalli takalminsa. “Ruwan za a fitar.”

“Duka?”

“Za a fesa wa bangon wani magani, an ce yana riƙe…”

“An ce! Kai da ka tattaka yumɓun nan kana kukan majina, yau kai ne mai ‘an ce’? Dube ni. Zai tsage ko ba zai tsage ba?”

Bai dube ta ba. Can ya ɗago, shi ma muryarsa ta hau. “To ya tsage mana! Yaya, yara nawa suka rage a makarantar garin nan? 'Ya'yanki suna ina? Nawa suna ina? Kowa ya gangara birni. Baƙin nan in sun zo hoto suke ɗauka su koma mota, ko shayi ba sa sha. In akwai abin sauka a gani za su kwana, in sun kwana wani zai dafa, wani zai share, wani zai dawo gida. Ke matattu kike wa aiki, ni masu rai nake nema wa abinci.”

“Kai ma kana hanya, mai tumbi. A hannun wa kake tsammanin matarka za ta biyo?”

Daga nan ta wuce gidan liman, ko takalmi ba ta kakkaɓe ba. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce a hankali, “Gwaggo, duk ruwa mai tsarki ya isa wanka. Na famfo ma ya isa.”

“Na sani, malam. Ban zo neman fatawa ba, na zo neman namiji ne da zai kashe inji.”

Bai tashi ba. Kafin la'asar ruwan randar ya ƙare, injin ya fara zuƙar iska.

Da aka buɗe wurin aka kafa allo a bakin randar. Zelihai karatun Alƙur'ani kawai ta yi, amma ba ta buƙaci karanta allon ba, don Dawude yana faɗa a lasifika: wai nan ne kurkukun da wani sarkin 'yan fashi yake jefa fatake. Baƙi suka riƙa leƙawa suna riƙe baki.

“Kurkuku?” ta ce masa a gaban kowa. “Ruwan da aka wanke uwarka da shi?”

“Yaya, ba wanda zai hau dutse don ya ga ramin ruwa.”

Tun daga ranar ta hana matarsa aiko mata da taliya.

Abin da ta iya yi shi ta yi. Kowace safiya bayan ta idar da salla sai ta cika bokitai a famfo, ta sauka tsanin nan da gwiwoyinta masu ciwo, ta tsoma tsintsiya tana yayyafa wa bangon. Iya inda hannunta ya kai ke nan, ita kuma gajera ce. Sama da kanta yumɓun ya fara yin fari, sannan ya ja zane-zane sirara kamar fatar tsohuwa, sannan ya fara ɓamɓarowa yana faɗo mata a mayafi. Maganin da aka fesa ya kwaye kamar ɓawon albasa.

Baƙi kuwa suka gano ta. Su tsaya a kan tsani suna haska mata wayoyi, wasu har su ce ta ɗaga tsintsiyar ta yi murmushi. Wata rana ta jiyo ƙanenta daga sama yana cewa, “Ga kuma wata dattijuwa da ke yin tsohuwar al'adar garinmu ta korar aljanu.” Ta cika tsintsiya da ruwan laka ta watsa sama. Wani mai farin wando ya samu rabonsa. Suka yi tafi.

Cikin wannan zafin maƙwabciyarta Habibai ta rasu. Tare suka yi ƙuruciya, tare suka yi takaba. Ita ma ta kama hannunta ta faɗi abin da sauran ke faɗa, Zelihai ta kasa gaya mata gaskiya, ta gyaɗa kai kawai. Da ruwan famfo a buta ta wanke ta, ruwan yana warin magani. Ta yi komai yadda ya kamata, dama kafin hagu, ta rufe ta da kyau, ta yi mata addu'a. Da ta fito, Dawude yana cikin maza a ƙofar gida, ya matso yana cewa, “Yaya, sai haƙuri.” Ta bi ta gefensa kamar turke ne.

Hunturu ya shigo da wuri. Motoci suka daina hawowa, aka sa kwaɗo a murfin randar, Dawude ya tafi birni wurin ɗansa ya sha ɗumi. Da ƙanƙara ta sauka, Zelihai ta ɗauko guduma ta fasa kwaɗon da rana tsaka, ta ɗauko baronta. Ta kankare ta saman ganuwa, ta rufin zango, ta gefen hanya inda ba a taka ba, tana juyewa a kan tsanin da fitilun da wayoyinsu. Matan unguwa suna leƙe ta katanga. Kwana biyu sai ga surukar Habibai da kwando, ta juye ta koma ɗebo wani. Wasu ma suka fito. Maza dai ba ko ɗaya, sai liman da ya wuce ya ce, “Sannunku da aiki,” ya ƙara sauri.

Sun cika ta har wuya. Daga nan ba abin yi sai jira, don ƙanƙara ba ta nuna tsaga sai ta narke.

Da iska ta fara ɗumi Zelihai takan kwanta a bakin randar ta kasa kunne. Tana jin ruwan yana tsiyayewa ta tsagogin sama, yana tafiya cikin dutse. Kullum sandar da take zurawa sai ta ƙara nitsewa kafin ta taɓa ruwa. Ya sauka, ya sauka, har ta daina cin abincin kirki. Sai wata safiya ta zura sanda ta ga yana nan inda yake jiya. Washegari ma haka. Ya tsaya daidai inda tsintsiyarta take kaiwa. Abin da ke sama da nan ya mutu, kuma ba wani mai rai da ya iya tashinsa.

Dawude ya dawo ya leƙa, ya ga fitilunsa a ƙarƙashin ruwa. Ya cire hular nan ya buga a cinya.

“Yaya, kin san abin da kika lalata? Kin san da wace fuska zan kalli kwamiti?”

“Da wadda ka kalli Habibai a makara.”

“Zan iya sake kawo inji gobe-goben nan.”

“Kawo. Amma kada ka ɗauko min 'ya'yan mutane daga ƙasan dutse. Kai za ka zura tiyon da hannunka, kai za ka tayar, ina zaune a nan ina kallonka, matan garin nan ma suna kallonka.”

Ya daɗe yana duban ruwan. Sannan ya mai da hularsa ya tafi.

Injin bai zo ba. Sai ya sa aka yi wa bakin randar raga ta ƙarfe mai ƙofa, baƙi suna leƙawa daga sama, ya aiko wa Zelihai mukulli ta hannun matarsa. Ta karɓi mukullin, ta mayar da kwanon taliyar da aka haɗo da shi. Allon yana nan bai sake ko harafi ba, yanzu ma har ya ƙara wa labarin cewa a ruwan ake nutsar da fataken. In yana faɗa tana kusa, sai ya rage muryar lasifikar, ita kuma ta buɗe ƙofar ragar da ƙarfi har ta bugi allon, ta zura guganta.