Ta'aziyyar Tsohuwar Kanada

Ni dai tuwo nake sayarwa a Guangzhou, kuma da an bar ni da tukunyata da ba wanda zai taɓa ganina ina wasan kwaikwayo. Malamin Maraɗi ne ya ja ni. Shi wannan bawan Allah aikinsa haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena, amma kafin ya zo China ya koyar da Faransanci a garinsu, kuma koyarwar ba ta sake shi ba. Ko gaishe shi ka yi sai ya haɗa maka da darasi.

Lokacin hutun sabuwar shekarar mutanen China ne, sa'ad da masana'antu da kasuwanni ke rufewa, gari ya yi tsit. Masu hali sun tafi gida. Mu da muka rage sai zaman musu a falon da nake sayar da abinci, ga wani sanyi mai danshi da ke shiga har ƙashi. Ranar nan Malam ya shigo da damin takardu a hammata, ya ce ya fassara wani wasan kwaikwayo na wani marubucin Kanada daga Faransanci zuwa Hausa, kuma mu ne za mu yi shi.

"Kanada kuma da Faransanci?" in ji wani mai ƙarar kwana.

Malam ya yi murmushin wanda ya samu ɗalibi. Muka sha bayani har tuwo ya huce.

Labarin ba shi da tsawo. Wata tsohuwa ce ta mutu a tsakiyar sanyi, 'ya'yanta uku suka haɗu a kicin ɗinta bayan an binne ta. Babban ya tafi neman kuɗi can nesa, bai iso ba sai da aka gama komai. Macen ita ta yi jinya, cikinta cike da haushi. Autan kuwa mashayi ne. Daga farko har ƙarshe tonon silili suke yi wa juna, kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa ya ce ya haƙuri.

"Ke za ki yi ɗiyar, Hajiya," in ji Malam. "Na jiya yadda kike yi ma masu kawo miki nama. Ba sai na koya miki komi ba."

Na so in yi fushi, amma maigidana ya riga ni da dariya. Ya ce in je, ko ya samu ya huta, in sauke faɗan a kan wasu. Autan aka ba wani mai sayar da wayoyi ɗan Yamai, mutum mai furfura a gemu, wanda bai taɓa ɗaga wa ko ƙuda murya ba. Sai Malam ya ce babban wa kuma Alhaji mai takalma ne. Nan dariyata ta tsaya.

Alhaji mutumin Kano ne, tsohon mai cin tuwona. Watanni kafin wannan hutu mahaifiyarsa ta rasu. Yana tashar jiragen ruwa ta Huangpu ana loda masa kaya aka kira shi, fasfonsa kuma yana ofishin sabunta biza. Ko da yana hannunsa ma, kafin jirgin sama ya tashi an kai ta makwancinta. Ya tsaya har aka rufe kwantena, washegari ya buɗe shago. Duk wanda ya je gaisuwa sai ya tare shi da, "Na gode, ya wuce, ka ga sabon samfurin nan?" Bai shimfiɗa tabarma ba, bai zauna ba, ya daina ɗaga wayar ƙanwarsa da ta yi jinyar. Lokacin ciniki ne, kowa na gudun kada kayansa su makara, sai aka ƙyale shi.

Ni a kwano na gane abin bai wuce ba. Da can Alhaji sai ya suɗe kwano tas sannan ya ce, "Hajiya, gishiri ya yi yawa." Kullum haka, ko da ban sa gishirin ba. Ni kuma in ce wanda ya ci ya ƙoshi ba shi da bakin magana. Tun rasuwar nan ya daina ƙorafi, kuma tuwon rabi yake dawowa. Yana ramewa a gabanmu, wuyan rigarsa na ƙara faɗi. Abin yana damuna, kuma ban san ta inda zan taɓa shi ba.

Na ja Malam gefe na ce, "Kai kuwa kana da tausayi? Duk garin nan ka rasa wanda za ka ba wannan sai shi?"

"Wallahi ba ni na ba shi ba," in ji Malam. "Da na ba da labarin, shi ya biyo ni har bakin lif ya ce wanga babban wa nashi ne."

Muka fara gwaji a siton da Malam ke tara kaya, bayan titin Liuhua. Mai siton wani Basine ne gajere mai yawan shan taba, muna ce masa Lauban, wato maigida. Bai tafi ƙauyensu hutu ba, sai ya ɗauko kujera ya zauna yana kallonmu. Ranar farko da na fara zazzaga masifa ya miƙe da waya a hannu zai kira 'yan sanda, sai da Malam ya rantse masa da hannu da ƙafa cewa wasa ne.

Rigimar farko a kan giya aka yi ta. Ɗan Yamai ya ce ko kwalbar wofi ba zai riƙe ba, yana da 'ya'ya, wani zai ɗauki hoto ya tura gida. Malam ya yi ta kumfar baki a kan amanar fassara, a ƙarshe aka sasanta a kan fulas ɗin shayi. Haka autan namu ya riƙa kurɓar shayi yana tangaɗi yana karo da kwalaye. Wahalarsa ta biyu zagi ce. In an zo wurin da zai ci mutuncin babban wa, sai ya cire hula, ya russuna, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, an ce in ce maka matsoraci ne kai."

"Ba a neman gafara!" Malam ya riƙa ihu. "Can haka suke, tsaye ake zagi!"

Ni ban samu wannan matsalar ba. Tawa faranti ce. Akwai wurin da ɗiyar za ta fasa faranti a ƙasa, Malam kuma ya sa ido a kan na tangaran ɗina. Na ce ya je ya fasa na uwar ɗakinsa. Na kawo na roba, wanda in ka jefar sai ya yi tsalle ya tafi yawo.

Dusar ƙanƙara kuwa, farin soson nan da ake cusawa a kwalin kayan wuta muka marmashe. Lauban ya karɓi aikin, ya hau kan kwalaye da fanka, yana watso mana ta taga da muka yanka a jikin kwali. Ya ɗauki abin da gaske fiye da kowa. Sati guda ina tsince farin abu daga ɗankwalina, maigidana har a miya ya samu.

Alhaji ya fi mu duka haddace nasa. Amma akwai wuri ɗaya kusa da ƙarshe. Ni zan tsaya a gabansa in ce, "Ina kake lokacin da take kiran sunanka?" Shi kuma ya amsa cewa ya iso an riga an rufe ta, bai ga fuskarta ba. Ba mu taɓa wuce wurin nan ba. Yau wayarsa ce za ta yi ƙara, alhali duk kasuwannin garin a rufe suke. Gobe tari ya sarƙe shi. Jibi ya duba agogo ya ce lokacin salla ya yi, ko da yanzu muka sallame. Malam zai buɗe baki, ni kuma in harare shi ya rufe.

Aka sa ranar wasa, yammacin ƙarshe kafin kasuwa ta buɗe. Bayan la'asar sito ya cika: 'yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Yamai, har da 'yan Kumasi biyu masu sayen gashin kanti. Aka jera kwalaye a matsayin kujeru, aka shimfiɗa darduma babba ta zama kicin ɗin tsohuwar. A sahun gaba dattijon da ke ja mana salla ya zauna, tsohon ɗan kasuwa ne mai jin kunne ɗaya. Na dafa shinkafa tukunya biyu don bayan an tashi.

Malam ya fito ya yi gargaɗi cewa ba a magana, ba a shiga, abin da za a gani ba gaskiya ba ne. Ya koma, na fito na faɗi maganata ta farko, cewa yau mun binne uwarmu.

"Allah ya jiƙanta!" in ji sito gaba ɗaya.

Malam ya dafe kai. Muka ci gaba. Ba a jima ba Liman ya juya ya tambayi na kusa da shi, da muryar da yake zaton raɗa ce, "Wai ina maƙwabta? Su uku kaɗai? Garin ba mutane?"

"Can haka suke, Baba," in ji Malam daga bayan kwali.

"Subhanallahi," in ji Liman.

Da ɗan Yamai ya fara tangaɗi, wani ya ce a duba shayin nan. Da ya zo zagi ya yi ƙoƙari ya tsaya a tsaye, amma hannunsa ya tafi kan hula da kansa. Da na jefar da faranti ya yi tsalle ya gangara cikin 'yan kallo, wani Bamaraɗe ya taso har kan darduma ya miƙo mini da hannu biyu. "Ga kwanonki, Hajiya, ki yi haƙuri, ɗan'uwanki ne." Mutane suna ta dariya, Lauban na ta zubo ƙanƙara kamar an ce masa za a biya shi da awo. Ni ma daɗi ya ɗebe ni, na manta inda muka dosa, sai da na ji bakina ya kai wurin.

Na tsaya gaban Alhaji. Na so in tsallake, amma ya kafe ni da ido, kamar mai cewa faɗi. Na faɗa, ba da ƙarfin da Malam ya koya mini ba.

"Ina kake lokacin da take kiran sunanka?"

Na jira wayar, na jira tarin. Bai taɓa aljihu ba. Farin soso na sauka a kan hularsa, shi kuwa yana tsaye.

"Ina Huangpu," ya ce. "Ina tsaye ana loda takalma."

Wannan ba ya cikin takardar Malam, kuma duk wanda ke siton ya sani. Dariya ta ɗauke.

"Sun ce ta tambaya ko na ci abinci," in ji Alhaji. "Ita ke kwance, ni take tambaya. Ban ga fuskarta ba. Ban ɗauki makararta ba." Sai ya zauna a kan dardumar.

Tausayi ya kama ni, ga shi ni na yi tambayar, na rasa inda zan sa hannuna. Liman ne ya miƙe. Ya cire takalmansa a bakin darduma, ya tako a hankali, ya durƙusa a gaban Alhaji ya kama hannunsa.

"Alhaji, ya haƙuri?"

Alhaji ya buɗe baki, na tabbata zai ce ya wuce. Bai ce ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da godiya, Baba."

"Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya sa ta huta. Mu yi mata addu'a."

Hannaye suka tashi. Da aka shafa, sai na ga mutane na cire takalma sahu-sahu. Ba wanda ya shirya layin. Kowa ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya koma gefe ya zauna a ƙasa, har dardumar ta cika aka farke kwalaye aka shimfiɗa. Ɗan Yamai ya zagaya da fulas ɗinsa yana zuba wa mutane shayi. Alhaji na amsawa, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Lauban ya kashe fanka ya sauko. Ya matso kusa da ni, ya nuna Alhaji da haɓa, ya tambaya da kalmar da suke faɗa mana a shago in kaya sun ƙare, wato babu. "Mama meyo?"

Na ce, "Meyo."

Ya kashe tabarsa, ya cire takalma shi ma, ya shiga layi.

Malam ya daɗe tsaye da takardunsa, yana kallon aikin da ya yi wata da watanni yana fassarawa ya koma zaman makoki. Daga baya ya naɗe su ya cusa a aljihu, ya bi bayan Lauban. Shinkafata ta zama ta sadaka. Na taɓa tambayar Malam yadda wasan ke ƙarewa, tunda ko a gwaji ba mu taɓa kai ƙarshe ba, ya ce 'ya'yan ba sa shiryawa, kowa ɗaukar rigar sanyinsa yake ya fita. Na ce to gara da ba mu kai can ba. Har yau bai yafe mini wannan maganar ba.

Washegari kasuwa ta buɗe, kowa ya ruga shago, na Alhaji kuwa da kwaɗo. Ya shimfiɗa tabarma a masaukinsa, takalman masu gaisuwa sun cika bakin ƙofa. Na tuƙa tuwo da miyar kuka na ba maigidana ya kai. Ya dawo ya ce ya tarar da shi a waya da ƙanwarsa, yana cewa ta faɗa masa komai tun daga ranar da aka kwantar da mahaifiyarsu, kada ta tsallake ko ɗaya.

Da yamma maigidana ya je ɗauko kwano. Ya ajiye mini shi a kicin, na buɗe na ga an suɗe shi tas.

"Akwai saƙo," in ji shi. "Ya ce a gaya wa Hajiya gishiri ya yi yawa."

Na zauna a kan buhun shinkafa na yi ta kuka, da kwanon a hannuna.